Yadda ake gina tulun fure irin na Japan a gasa shi da wutar itace

A garin Imbe na yankin Bizen a lardin Okayama, da Shigaraki a lardin Shiga, da Iga a lardin Mie, akwai magina da ke fitar da tulun fure mai launi huɗu ko biyar ba tare da sun shafa masa ko ɗigon fenti ba. Gaba kore ne mai sheƙi, baya ja, gindi baƙi ƙirin mai kaushi. Duk wannan aikin toka ne da harshen wuta. Masu sayarwa sukan ce sa'a ce. Akwai sa'a a ciki, amma kasonta kaɗan ne. Maginin da ya san aikinsa ya riga ya yanke yawancin abin da zai fito tun ranar da ya zaɓi yumɓu, da ranar da ya durƙusa cikin tanderu yana jera kaya.

Irin wannan tulu Japanawa suna kiransa hanaire, kuma darajarsa ta taso ne daga ɗakin shan shayi a ƙarshen ƙarni na 16. Malaman shayi irin su Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, da almajirinsa Furuta Oribe, wanda ya rasu a 1615, sun ɗaukaka kayan ƙasa marasa kwalliya har suka zauna kusa da na Sin masu tsada. Ga yadda aikin yake tun daga tushe.

Tanderu da itace

Tanderun da aka fi sani da wannan aiki sunansa anagama. Ɗaki ɗaya ne dogo mai rufin baka, an gina shi a jikin gangare, bakin wuta a ƙasa, bututun hayaƙi a sama. Babu katanga tsakanin wurin da itace ke ci da wurin da tukwane suke, shi ya sa toka ke tashi ta sauka a kansu kai tsaye. Fasahar ta shigo Japan daga Koriya a ƙarni na 5. Daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 16, aka samu noborigama mai ɗakuna a jere, wanda ya fi cin kaya da yawa kuma ya fi tsimin itace, har anagama ya kusa ɓacewa. Magina ne suka dawo da shi a ƙarni na 20: Isezaki Jun da yayansa Mitsuru a Bizen a farkon shekarun 1960, sai Furutani Michio a Shigaraki daga 1970, wanda ya yi ta ginawa yana rushewa har ya gane yadda wuta ke tafiya a ciki.

Ƙaramin anagama na magini ɗaya yakan kai tsawon mita 4 zuwa 5 daga ciki, faɗi mita 1 zuwa 1 da rabi, tsayinsa kuma ba ya barin mutum ya miƙe tsaye. Ana gina shi da bulo mai jure wuta, a lulluɓe bayansa da cakuɗen yumɓu da yashi da kara. A jikinsa akan bar ƙananan ƙofofi biyu ko uku a kowane gefe don zuba itace da leƙe.

Itacen da ake so shi ne akamatsu, bishiya mai siraran ganyaye da jan ɓawo da yawan ƙaro. Ƙaron ne ke ba da dogon harshen wuta da zai isa ƙarshen tanderu, tokarsa mara nauyi ce tana tashi da iska, garwashinsa kuma ba ya daɗewa ya toshe hanya. A faskara shi tsawon santimita 40 zuwa 50, kauri kamar damtse, a ware wasu sirara na ƙofofin gefe. A jibge shi ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa wata shida zuwa shekara guda. Ɗanyen itace yana kashe ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa, sai ka ga zafi ya tsaya cak a wajen digiri 1,100 a ma'aunin Salsiyas ya ƙi gaba. Gashi ɗaya yana cin tan da yawa na itace, don haka a tanadi fiye da abin da aka ƙiyasta. Itace ya ƙare a daren ƙarshe, aikin wata shida ya tafi.

Yumɓu

Tunda babu rufin gilashi da zai ɓoye jikin tulu, yumɓun shi ne rabin launi.

Na Bizen ana kiransa hiyose. Ana haƙo shi daga ƙarƙashin gonakin shinkafa, baƙi ne, mai laushi da danƙo, mai yawan sinadarin ƙarfe. Yana tsukewa sosai kuma ba ya jure zafin gaggawa, dalilin da ya sa gashin Bizen ke ɗaukar kwana 10 zuwa 14 ke nan. Kaneshige Toyo, wanda gwamnatin Japan ta ba matsayin Taskar Ƙasa Mai Rai a 1956, ya maido da martabar Bizen ne ta hanyar komawa ga yumɓu: tsintar duwatsu da hannu, cuɗawa, da ajiye shi shekaru kafin a taɓa. Bayansa Fujiwara Kei ya samu wannan matsayi a 1970, Yamamoto Toshu a 1987, Fujiwara Yu a 1996, Isezaki Jun a 2004.

Na Shigaraki da na Iga daga tsohon kwancin tafkin Biwa suke. Fari-fari ne, mai tsakuwa, ƙarfe kaɗan, yana jure wuta ƙwarai. A cikinsa akwai ƙwayoyin farin dutse da ake kira feldisfa, waɗanda ke narkewa su bullo a fatar tulu fari-fat, da ƙwayoyin silika da ba sa narkewa, sai dai su tsaga fatar da ke kewaye da su. Wannan tsagewar ana kiranta ishihaze, kuma ana sonta, muddin ba ta ratsa bango ta kai ciki ba.

A shanya yumɓun ya bushe ƙarau, a farfasa shi da guduma ta katako, a tsince saiwoyi da manyan duwatsu. A tankaɗe da rariya mai ido milimita 3 zuwa 5. Kada a tace shi da ruwa ya zama sumul, domin abin da aka tace ɗin shi ne kyan tulun. A yayyafa ruwa, a bar shi ya sha kwana biyu, a tattaka da ƙafa, a naɗe cikin leda a ajiye a inuwa aƙalla wata uku. Ranar gini a cuɗa shi da hannu, ana dannawa ana juyawa, sau ɗari ko fiye, har iskar ciki ta fita.

Kafin a gina komai, a yi sandar gwaji, a ja mata layi mai tsawon santimita 10 daidai, a gasa, a sake aunawa. Idan layin ya koma 8.8, yumɓun yana tsukewa kashi 12 cikin ɗari. Ke nan mai son tulu mai tsayin santimita 25 sai ya gina na 28 da ɗan ɗoriya.

Gini

Tulu mai wannan tsayi, faɗinsa santimita 11 ko 12, yana cin yumɓu kilo 2 zuwa 2 da rabi. A fara da gindi: a buga faifan yumɓu mai kaurin santimita 1 da rabi, a danne shi sosai daga baki zuwa tsakiya. Gindin da ba a danne ba shi ne ke tsagewa a tsakiya lokacin bushewa. Sai a mulmula yumɓu dogo-dogo kaurin babban yatsa, a riƙa ɗorawa zagaye bisa zagaye, ana haɗe kowanne da na ƙasansa ciki da waje. Bayan zagaye biyar ko shida a dakata ƙasan ya ɗan yi ƙarfi. In an kai tsayin da ake so, a juya shi a kan faifan gini a daidaita bango. Ana iya jan tulun gaba ɗaya a kan faifai, amma ginin zagaye ya fi jure kwanakin wuta, kuma yana barin ɗan karkata da ido ke so.

Bango ya zama kaurin santimita 1, ƙasa ya fi sama kauri. Dalili biyu ne: siriri yana lanƙwashewa a gaban wuta, kuma tulun fure yana bukatar nauyi a gindi don kada reshe ya kayar da shi. Baki kuwa a yi shi da reshe a zuciya. Furen ɗakin shayi reshe ɗaya ne ko biyu, saboda haka faɗin santimita 3 zuwa 6 bayan gashi ya isa, kuma leɓen ya sami wurin da reshe zai jingina.

Idan yumɓun ya yi ƙarfi amma farce yana shigarsa, lokacin ba shi hali ya yi. Tulunan Iga na zamanin Oribe an san su da kunnuwa biyu a wuya, da jiki da aka matse da tafin hannu, da zane mai zurfi da aka ja da tsinken gora. Har akwai maganar da ake yi cewa Iga na da kunne, Shigaraki ba shi da shi. Wannan zanen yana da aiki: kowane rami da kowace kafaɗa wuri ne da toka za ta taru ta narke ta gangaro. A ja shi sau ɗaya da ƙarfin zuciya. Zanen da aka koma aka gyara yana nuna kansa. Kunnuwa kuma a karce wurin da za su zauna, a shafa kunun yumɓu, a manna su tun jiki da kunne suna da danshi ɗaya, in ba haka ba za su rabu.

Tulun da za a rataye a bango, irin gajeren nan da ake kira tabimakura, a huda masa rami a baya, santimita 2 zuwa 3 ƙasa da baki, inda zoben ƙarfe zai shiga. A buga hatimin magini a gindi ko kusa da shi. A shanya a inuwa, a lulluɓe da leda kwanakin farko, a bar shi mako biyu zuwa uku. Yawancin magina na wannan hanya ba sa yin gashin farko. Ɗanye ake shigar da shi, shi ya sa bushewar ba abin wasa ba ce.

Jeri: a nan ake zana tulun

Jera kaya a ƙaramin anagama yakan ci kwana biyu zuwa mako. Ana farawa daga can ƙurya a dawo baki, mutum a durƙushe, wani yana miƙo masa.

Abu na farko shi ne matashi. Narkakkiyar toka manne ce. Duk abin da ya taɓa wani zai haɗe da shi har abada. Don haka kowane tulu yana zama ne a kan 'yan dunƙulen yumɓu mai jure wuta guda uku, girman goro. A Japan ana amfani da wata ƙasa da ake kira dosenbo. Inda babu ita, a haɗa yumɓu mai jure wuta da yashi da dusa ko garin katako daidai wa daida. Dusar za ta ƙone ta bar dunƙulen da ramuka, ya ɓantare cikin sauƙi. Uku ake sa wa domin uku ba ya girgiɗi. Tulun da za a kwantar kuma a ɗora shi a kan ɓawon ƙumbar teku da aka cusa wa wannan haɗi. Ɓawon zai bar zanensa a jikin tulu, bayan gashi kuma ya zama farar ƙasa da ruwa ke narkarwa. Ramin zobe ma a toshe shi da wannan haɗin, kar gilashi ya cike shi.

Sai zaɓen wuri. Sahun farko, dab da wuta, shi ne wurin tulunan Iga da manyan na Shigaraki. Nan toka ke zuba da yawa, zafi ya fi ko'ina, har ta narke ta zama koren gilashi da ake kira bidoro. Nan kuma garwashi ke binne ƙasan tulu ya bar shi baƙi mai kaushi, wato koge. Wuri ne mai riba da hasara, domin itacen da aka jefa yana iya buge kaya. A sa masu kauri da faɗin gindi kawai. A tsakiya toka ba ta da yawa. Tana sauka a kafaɗa ɗigo-ɗigo rawaya, abin da mutanen Bizen ke kira goma, ma'ana riɗi. A can baya kusan babu toka, sai tururin wuta, shi ke ba yumɓun Shigaraki jan launin nan mai ɗumi da ake kira hiiro.

Kowane tulu yana da fuskar wuta da bayan wuta. Kafin a ajiye shi a yanke wane gefe ne zai kalli baƙo a ɗaki, a juya wannan gefen wajen wuta, ko a ɗan karkatar da shi don toka ta kama kashi biyu cikin uku na fuskar, a ga inda kore ya haɗu da ja. Idan aka kwantar da tulu, gilashin zai zagayo cikinsa ya taru a ƙasa ya daskare ya zama ƙwallo. In an tayar da tulun tsaye, sai a ga gilashin ya gudu a kwance, ƙwallon yana gefe. Ana kiransa idon mazari, kuma masu saye suna nemansa. Mai son sa sai ya lissafa tun yanzu inda ƙwallon zai tsaya, ya tabbatar ba a kan matashi zai sauka ba.

Ana kuma yin zane da inuwa. Ƙaramin kofi ko faifan yumɓu da aka jingina a jikin tulu yana kare wurin daga toka, ya bar da'ira mai launi dabam. A Bizen sunanta botamochi. Jan zane na hidasuki kuwa da karan shinkafa ake yinsa: a daka karan ya yi laushi, a naɗe tulun da shi, a sa shi cikin wata babbar tukunya a rufe don kada toka ta shiga. Fotasiyam na karan yana haɗuwa da ƙarfen yumɓu, sai jajayen layuka su fito a kan fata mai haske.

Tazarar kaya ita ce hanyar wuta. A gaba a bar faɗin yatsu uku ko huɗu tsakanin tulu da tulu, a baya a ɗan matse. Wuta tana son bin rufi, don haka a cika sama da kaya, a bar mata hanya a ƙasa, in ba haka ba sama zai nuna ƙasa ya fito ɗanye. A ajiye 'yan dalar gwaji na Orton, waɗanda ke lanƙwashewa in zafi ya kai matakinsu, masu lamba 8, 9, 10 da 11 a gaba da tsakiya da baya inda za a hango su ta ƙofar leƙe, tare da zobban yumɓu biyar ko shida da za a riƙa zarowa da ƙugiya. A zana taswirar jerin a takarda, ko a ɗauki hoton kowane sahu. Ba tare da ita ba, ranar fitarwa ba za a san dalilin komai ba. Daga nan a toshe ƙofa da bulo, a bar bakin zuba itace a sama da ramukan iska a ƙasa, a shafe da laka.

Wuta

Ga tsarin gashin kwana biyar zuwa shida irin na Shigaraki. Na Bizen haka yake, sai dai matakin farko yana ninkuwa. Ana bukatar mutum huɗu zuwa shida da za su riƙa karɓa-karɓa, awa shida ko takwas kowane rukuni. Magina da yawa sukan ajiye gishiri da shinkafa a saman bakin tanderu kafin a kunna, bisa al'adarsu.

Ranar farko ƙaramar wuta ce a bakin ramin iska na ƙasa, kusan a waje. Kada a wuce digiri 200 a ma'aunin Salsiyas cikin awa 24. Ruwan da ya rage a bango in ya tafasa da sauri, tulu yana fashewa, tsingaronsa kuma ya faɗa cikin na kusa da shi. A riƙe madubi a bakin bututu; muddin yana yin gumi, akwai sauran ruwa.

Rana ta biyu a tura wutar ciki, a riƙa hawa digiri 20 zuwa 30 a awa. Tsakanin 450 da 600 ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayar yumɓu yana fita, a 573 kuma silika tana kumbura farat ɗaya. A ratsa wannan wuri a hankali. Daga 700 zuwa 900 a buɗe iska sosai, hayaƙi ya zama kaɗan, domin a nan dattin da ke cikin yumɓu ke ƙonewa. Idan aka shaƙe wuta a wannan mataki, fata za ta rufe da baƙi a ciki, daga baya tulun ya yi bororo.

Daga 900 ake komawa bakin sama, a shiga zubi na sosai: faskare biyar zuwa takwas kowane minti 10 zuwa 15. Kowane zubi yana da numfashinsa. Ana zubawa zafi zai faɗi, baƙin hayaƙi da harshen wuta su fito ta bututu. Can sai hayaƙin ya washe, harshen ya koma ciki, zafi ya haura ya wuce inda yake a da. Lokacin sabon zubi shi ne sa'ad da ya kai ƙololuwa ya fara juyowa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ganin zafi ya tsaya a ƙara itace. Yawanci iska ce ta yi kaɗan: garwashi ya taru ya toshe ramukan ƙasa. Maganin shi ne a rage zubi, a buɗe ramukan, a bar tudun garwashin ya ci kansa.

Launin cikin tanderu yana faɗin zafinsa: ja mai duhu wajen 700, ruwan lemo wajen 1,000, rawaya wajen 1,200, fari mai kashe ido in an doshi 1,300. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kada a leƙa ba tare da tabaran masu walda ba. Tufafi su zama na auduga, safar hannu ta fata, rumfar kuma a buɗe take ta kowane gefe saboda iskar gawayi mai kisa.

Wajen rana ta uku za a kai 1,200, kuma daga nan ne ainihin aikin yake. Toka tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam, irin kaifin da ke cikin ruwan tokar da ake sa wa miya. Su ne ke cin silikar da ke fatar yumɓu su mai da ita gilashi, ɗan ƙarfen da ke ciki kuma ya ba da kore idan iska ta yi ƙaranci. Wannan yana son lokaci fiye da yadda yake son zafi. A riƙe tanderun tsakanin 1,230 da 1,280 na awa 36 zuwa 60. Lokaci-lokaci a motsa garwashi da dogon ƙarfe don toka ta tashi. Idan gaba ya nuna baya bai kai ba, a fara zuba siraran itace ta ƙofofin gefe, biyu ko uku a lokaci guda. Kowace awa shida a zaro zobe ɗaya a jefa cikin ruwa a duba. In saman yana da kaushi, toka ba ta narke ba. In ya yi santsi da sheƙi, an kusa. Zoben da dalar gwaji sun fi na'urar auna zafi gaskiya, domin ita iskar wuri ɗaya kawai take aunawa.

A Bizen, mai son launin toka-toka da shuɗi-shuɗi na sangiri yakan zuba gawayi da dogon cebur a kan wasu tukwane a ƙarshen gashi, ya binne gefensu.

Yadda aka rufe yana sauya launi. A daina motsa garwashi awa uku ko huɗu kafin ƙarshe, don tokar da ta sauka a makare ta samu ta narke. Mai son kore mai haske sai ya yi babban zubi na ƙarshe, ya bar zafi ya sauko da sauri zuwa wajen 1,100, sannan ya toshe ko'ina. Mai son launi mai duhu mara sheƙi sai ya toshe nan take, ya huce a hankali. A shafe kowace kafa da laka, a rufe bututu.

Fitarwa da gyara

A bar shi ya huce kwanaki daidai da na gashi. Wajen digiri 220 akwai wani nau'in silika da ke tsukewa farat ɗaya, iska mai sanyi a wannan lokaci tana tsaga tulu da siririyar tsaga mai kaifi wadda ba a gani sai an ƙwanƙwasa an ji muryar ta mutu. Kada a fasa ƙofa sai hannu zai iya taɓa kaya.

A fito da su sahu-sahu, a jera a ƙasa yadda suke a ciki, a gwada da taswira. A ɓantare matashi da ƙaramar kurfi, ana bugawa daga gefe. Masu ɓawon ƙumba a jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya. A goge gindi da dutsen wasa wuƙa, da ruwa, saboda ƙurar silika tana lalata huhu. A wanke da burushi mai tauri.

Fata mai kaushi launin ƙasa a kafaɗa tana nufin toka ta sauka ba ta narke ba. Irin wannan ana iya mayar da shi gashi na gaba, sau da yawa ma ya fi kyau a karo na biyu. Tulun da ya zauna ko ya karkace, yumɓunsa bai dace da sahun da aka sa shi ba. Wanda gilashi ya gangaro ya manne shi da ƙasa, matashinsa ya yi gajarta. Wanda ya fito fari fes babu launi, wani babba ne ya tare masa wuta.

Sai gwajin ruwa, wanda tulun fure ba ya tsallakewa. A cika shi, a ɗora a kan takarda, a bar shi kwana ɗaya. Ɗan naso a yumɓun Shigaraki ba abin mamaki ba ne. A zuba masa ruwan dafaffiyar shinkafa mai kauri, ya kwana biyu, a zubar a shanya. Sitacin yana toshe ƙananan ramuka. In yoyo ne na gaske ta wurin tsakuwa, a saka masa bututun gora ko na jan ƙarfe a ciki wanda zai riƙe ruwan, abin da ake kira otoshi. Wanda ya tsallake duk wannan akan yi masa akwatin katakon wata bishiya da Japanawa ke kira kiri, magini ya rubuta sunan tulun da nasa a murfi ya buga hatimi.

Mai son gwadawa a nan gida

Gasa tukwane da itace a wannan zafi ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Michael Cardew, almajirin Bernard Leach (shi Leach a Japan ya koyi gini), ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, kuma a can Ladi Kwali da ke jikin takardar naira 20 ta yi aiki daga 1954. Abin kiyayewa shi ne jan yumɓun da ake randa da tulu da shi an saba gasa shi ne a fili da zafin da bai kai digiri 1,000 ba. A 1,250 yawancinsa zai kumbura ko ya narke ya malale. Ana bukatar farin yumɓu mai jure wuta a haɗa da shi. A gwada haɗi uku ko huɗu, kowanne a cikin ɗan kasko mai jure wuta don kar ya ɓata tanderu. Itacen ma kowanne da tokarsa, sai an gwada. Kuma tunda gashi ɗaya yana cin itace mai yawa haka, a nemi ragowar katako daga masu yanka, wanda ba a yi wa fenti ko magani ba, a bar bishiyar da ke tsaye.

Amfani da shi

Kafin a sa fure a nutsar da tulun cikin ruwa minti 20 zuwa 30, a tsane shi da tsumma. Jiƙaƙƙen yumɓu launinsa ya fi fitowa, kuma in ya sha ruwa mai tsabta ba zai sha datti ba. Mutanen Bizen suna cewa ruwa ya fi daɗewa bai lalace ba a tulunsu, amma duk da haka a canza shi kullum. A ajiye shi a kan ɗan allon katako, don gindin yana karce tebur kuma yana barin danshi. Fuskar wuta ta kalli mai shigowa, reshen ya jingina a leɓe ya ɗan karkato gaba, a cire duk ganyen da zai nutse cikin ruwa. Bayan an gama a wanke da ruwa zalla ba sabulu, domin ramukan jikinsa suna riƙe ƙamshi. A kife shi a inuwa kwana uku ko huɗu ya bushe har ciki kafin a mayar da shi akwati, in ba haka ba zai yi fumfuna.